Masu Wucewa ta Gindin Tsamiya

Duk wanda ya taso daga Maraɗi ya nufi Dakoro, kafin ya isa Kornaka ba makawa sai ya ƙetare wani kwari mai faɗi da ake kira Gulbin Kaba, kuma idan baƙo ne wanda ya saba da cewa gulbi sai da ruwa da jirgi da masunta, to, zai yi ta baza ido har ya haura ɗaya gaɓar bai ga abin da zai jiƙa wa tsuntsu baki ba. Domin gulbin nan, saɓanin ɗan'uwansa na Maraɗi wanda ya fusata a 1945 ya ci tsohon gari har aka tashi aka koma bisa tudu, ya daɗe da yin murabus daga aikin gudu, ya bar wa goruba makwancinsa, mata na yankar kaba suna saƙa tabarmi, maza na tufkar igiya, ruwa kuwa sai ɗan abin da damina ta bari a tafkuna. A bakin wannan gulbi ne ƙaddara ta zaunar da ni kwana uku cikin wata bazara, sa'ad da motar da ta ɗauko mu ta yi tari sau biyu ta yi shiru kusa da wani ƙauye na ƙasar Kornaka, direba ya tafi neman makaniki, ni kuwa mai gari ya saukar da ni a zaurensa.

A bayan ƙauyen, daidai inda tudu ya gangara cikin gulbi, akwai wata tsohuwar tsamiya wadda mutum uku ba sa rungume ta, an ɗaɗɗaura wa rassanta na ƙasa tsummoki farare da jajaye da baƙaƙe, a gindinta ga wata tukunya a kife, rabinta cikin yashi, ga dutse wanda jini ya bushe a kansa har ya yi baƙi, gashin kaji ya manne masa, ga 'yar ƙwarya da sauran gumba tururuwa na ɗiba. An ce iskar nan Doguwa ce ke zaune a wurin tun zamanin Anna, kakannin mutanen garin, kuma wani tsoho ne ke share wurin, wanda ban taɓa rasa shi a sahun farko na masallaci ba cikin kwanakin da na yi, da na tambaye shi yadda yake haɗa biyun, sai ya ce, "Ɗana, ɗaya addini ne, ɗaya gado ne, kuma ba ni na aje gadon ba balle in ɗauke." Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hanyar wurin, wadda ta fi ta rijiya tattakuwa, alhali daga gindin tsamiyar ba ta zarce ko'ina ba, in ban da kaba da ƙaya, amma duk wanda ka ci karo da shi a kanta, tun kafin ka gama sallama zai riga ka da cewa, "Wucewa nake."

Ba fatawa na zauna bayarwa ba, gama malamai sun gama magana a kan mas'alar tun da daɗewa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a cikin Nurul Albab ya kasa mutanen ƙasashen nan kashi uku, ya keɓe kashi guda ga masu gauraya Musulunci da girmama itatuwa da duwatsu. Abin da na ƙaru da shi kawai a kan tabarmar tsohon nan shi ne su masu wucewar ma jinsi-jinsi ne.

Na farkonsu shi ne Alhaji ɗan kasuwa, wanda ba ya zuwa sai bayan lisha, ya bar mota can nesa an kashe fitila, ya tako da sanɗa babbar riga na jan ƙaya, kuma da yake tun tasowarsa bai taɓa karɓar abu a kan farashin farko ba, ko a gaban Doguwa ciniki yake: idan kayansa suka ƙetare Ɗan Isa lafiya akwai rago, da kaya sun iso sai ragon ya rame ya koma akuya, da an sayar sai akuyar ta ƙanƙance ta zama kaza, kazar kuwa sai a ce Allah ya kai mu baɗi. Tsohon ya ce mini da Doguwa tana da takarda da alƙalami, da babu mai bin Alhazai bashi a jihar Maraɗi kamarta.

Na biyu kuwa wani nau'in malami ne, wanda ya fi Alhaji wayo nesa ba kusa ba, domin shi da rana tsaka yake zuwa, tasbaha a hannu, ya ce sassaƙe ya zo nema na maganin tari, sa'an nan ya miƙa wa tsohon farin zakara yana ɗaga murya yadda kowa zai ji cewa sadaka ce ga miskini. Inda miskinin zai kai zakaran ya yanka kuwa, da abin da zai ambata a kansa, da sunan wanda za a roƙa wa buƙata, wanda Malam ya riga ya raɗa masa a kunne, duk wannan ba ya cikin babin da Malam ya karanta. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe itatuwan cikin gari ba su da sassaƙe?" Ya dube ni sheƙeƙe ya ce na tsohuwar bishiya ya fi ƙarfi, haka ya samu a wurin magabata.

Kishiyarsa shi ne saurayi mai wa'azi, ɗan gajeren wando, wanda ya yi rantsuwa a bainar jama'a sai ya kawar da wannan munkari da hannunsa, kuma in an bi ta hujja babu mai kayar da shi, gama duk abin da yake faɗa a kan tauhidi haka yake a littafi. Kowace Juma'a bayan an sauko yakan saɓo gatari ya nufo tsamiya. Zuwan farko ƙudan zuma suka tarbe shi. Na biyu ƙotar gatarin ta kwance. Na uku ya tuna cewa tsamiya na cikin itatuwan da dokar gandun daji ta hana sara ba da izini ba, bin doka kuwa wajibi ne. Tun daga nan sai ya jingine gatarin ya zauna a inuwa ya yi wa tsohon nasiha har la'asar, tsohon na gyaɗa kai yana tufkar igiya. Yanzu har tabarma aka keɓe masa, domin kaf garin babu mai yawan ziyarar wurin kamarsa.

Da asubar kwana na biyu na ga jinsi na huɗu, wanda ba ya zuwa sai bibbiyu ba tare da shiri ba, wato uwargida da amarya, kowacce ta zamo daga gida tana tsammanin ɗayar na barci, sai ga su gaba da gaba a gindin itace.

"A'a, Yaya, ke ce da sassafen nan?"

"Ni ce, amarya. Tsamiyar kunu na zo tsinta."

"Ikon Allah, ni ma ita ta fito da ni."

Suka duƙa tare suna lalube cikin yashi, alhali 'ya'yan tsamiya sun ƙare tun sanyi, kowacce ta matse hammata ɗaya a ƙarƙashin mayafi, ana cikin haka wani yaro mai kora awaki ya ce "as!" don kansa, sai duka biyun suka zabura lokaci guda, mayafan kuma suka amsa da kyarkyara. Ranar na tabbata masu karin magana ba su yi ƙarya ba game da mai kaza a aljihu. Suka koma gida a jere suna hirar tsadar gero, da dare kuwa aka ce maigida ya ci dahuwar kaza biyu bai san dalili ba.

Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, shi ne na biyar, kuma shi da Faransanci yake wucewa. Yakan tsaya ya rataye hannu a baya ya bayyana wa duk mai saurare cewa wannan camfi ne na mutanen da, jinin nan ma ƙwayoyin cuta yake tarawa. Sai dai takalmansa na hannunsa, wai saboda yashi, kuma aljihunsa na da wata ɓula mai ban al'ajabi wadda ba ta zubar da dala goma sai a nan, ba kuma ta buɗewa sai jarrabawar ɗansa ta ƙarato.

Na shida ba ya daɗewa, don haka ni ma ba zan daɗe a kansa ba: mai bincike ne da littafi da tafinta. An yi na ƙwarai a ƙasar nan, irin Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru cikin mutanen kwarin Maraɗi kafin ya fitar da babban littafinsa a 1975. Amma na yanzu yini ɗaya ya ishe shi, tsoho ya ce "tun kakanni," tafinta ya juya ya ce shekara ɗari uku, in ya ga baƙon ya zaro jika biyu sai shekarun su kai dubu.

Amma wanda ya fi kowa riƙe amanar wurin shi ne na bakwai, wani ƙato mara sana'a mai sheƙin kumatu a garin da kowa ya rame, wanda jama'a ke kira ɗan iska, ni kuwa da na lura da shi sai na ga sunan ya dace da shi ta fuska biyu, tun da iskar ce ke ci da shi kamar uwa da ɗa. Ba ya roƙon kome, ba ya kawo kome, yana dai kwance a bayan kaba da tukunyarsa da ɗan gishiri da barkono a ƙulle. Da mai buƙata ya ba da baya sai abin da aka bari ya sami mai karɓa, da safe kuma shi ne na farkon shelar cewa Doguwa ta amshi sadaka, ko ƙashi ba ta bari ba. Shi ne mai riwayar karamomin wurin, isnadinsa kuwa daga shi sai shi. Shi ne ke tunatar da masu ciwo cewa Baƙar Doguwa baƙar akuya take so, ba kaza ba. Kuma idan saurayin nan ya saɓo gatari, babu wanda hankalinsa ke tashi kamarsa. Cikin dukan masu zuwa gindin tsamiyar nan, shi kaɗai na shaida da idona buƙatarsa na biya kullum.

Tsohon ya ce mini yawan masu wucewa yana bin sama ne: in hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa sai hanya ta cika, a shekarar yunwar El-Buhari kuwa, 1984, har waɗanda suka yi shekara ashirin suna zagin wurin sai da hanya ta biyo da su. Yana cikin faɗin haka sai ga wata tsohuwa ta dogaro sanda, da 'yar ƙwaryar nono, ta durƙusa ta zuba a gindin dutsen ba ta waiwayi kowa ba. Da ta miƙe na gaishe ta na ce, "Inna, ke ma wucewa kike?" Ta ce, "Wucewa zuwa ina, ɗan nan? Roƙo na zo. Ɗana ya bi ta Agadas zuwa Libiya, damina huɗu ke nan ba labari. Na sa an sauke Alƙur'ani, na je Madarunfa wurin waliyyai 99, na zo nan. In ka san wata ƙofa gaya mini in je." Na buɗe baki zan ce mata ƙofa ɗaya ce, ta Ubangiji, kuma haka ɗin ne, amma da na tuna cewa cikin kwana uku ita kaɗai ce ta taka hanyar nan ba ta yi mini ƙarya ba, sai na ji nauyin yi mata karatu, na ce Allah ya bayyana shi, ta ce amin, tsohon ya ce amin, har ɗan iskan daga bayan kaba ya ce amin, nonon nan kuwa bai taɓa shi ba.

Saura jinsi guda, wanda da na so in rufa masa asiri. Da yammacin kwana na uku na sayi wani jan zakara dala ɗari huɗu don a soya mini guzuri, na ɗaure shi a ƙafar mota. Makaniki ya iso da almuru ya kwana yana kwance-kwance, da gari ya waye mota ta tashi da bugu ɗaya, zakara kuwa babu shi sai igiya. Makaniki ya rantse datti ne ya toshe hanyar mai, yaron mota ya sunkuyar da kai ya ce shi dai da dare ya ɗan taka bayan gari, wucewa kawai, ɗan iskan kuwa ya zo rakiya leɓe na maiƙo, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, an karɓa." Na yi ta'awizi, na yi bayani, na kafa shaidu cewa ni ilmi ya kai ni wurin, kallo kawai na je yi, tsohon na murmushi yana cewa ai kowa ma haka ne. Bara na gamu da wani mutumin ƙauyen a tashar Maraɗi, bai gane ni ba, ya ba ni labarin wani babban malami daga birni wanda motarsa ta ƙi tashi kwana bakwai, sai da ya ba da jan rago.