Me jarumi yake yi kafin a ce "ga ta nan"?

Akwai wani irin littafi da ya kamata a yi wa jama'a bayaninsa tun bai raba zumunci ba, domin a fadarmu ta nan Droum ya riga ya sa mutum biyu sun daina shan shayi da kofi ɗaya. Shi ne littafin da ake rubutawa bayan labari ya ƙare, alhali abin da ke cikinsa ya faru tun labarin bai soma ba. Wanda bai gane ba, ya ɗauka ya sha shayi na fari, ya sha na biyu, ya sha na uku, ya sa takalmi zai tafi, sai mai shayi ya riƙo hannunsa ya ce, "Zauna, yanzu zan nuna maka yadda na hura gawayin." Shi ma wannan kallon sai ka biya.

Asalin rigimar daga Amurka take. A 1986 da 1987 kamfanin DC Comics ya fitar da wani labarin zane mai suna Watchmen, kashi 12. Alan Moore, mutumin Ingila, ya rubuta, Dave Gibbons ya zana. Labarin wasu jarumai ne masu rufe fuska, gwamnati ta hana su aiki, girma ya fara kama su, sai aka wayi gari an jefo ɗayansu, Comedian, ta tagar bene. A 2012 kamfanin ya tara wasu marubuta da masu zane, ya ce su ba da labarin mutanen nan tun suna da ƙuruciya. Aka sa wa aikin suna Before Watchmen, ya kai kashi 37, daga baya aka ɗinke shi manyan littattafai. Fassarar Faransanci ce ta iso mana, a jakar wani ɗalibinmu da ke jami'a a Damagaram, kuma ta zaga hannu tara kafin damina ta sauka.

Mai karatu na farko da ya fusata ɗan kabu-kabu ne. Shi jaruminsa Rorschach, mai hular nan da ƙyallen fuska mai ɗigon tawada. Hujjarsa ita ce, a littafin asali an nuna mutumin ya shiga gidan abokinsa da dare, ya buɗe gwangwanin wake, ya ci shi da sanyinsa, ba mai ba yaji. Ya ce duk wanda ya ga wannan ya gama sanin halin mutum. Ƙarin kashi 4 da aka yi a kansa, in ji shi, kamar a kai ka gidan maƙwabcinka ne a ce za a gabatar maka da shi. Ni ma nan na tsaya, kuma har yau ban ga wanda ya ture wannan hujja ba.

Batun Dr. Manhattan ya fi wuya, sai an natsu. Mutum ne shuɗi fes kamar wanda ya faɗa marina, kuma jiya da yau da gobe duk a wuri ɗaya yake ganinsu. To wanda ba shi da jiya, ta ina za a ba da labarinsa na da? Dare biyu aka yi ana wannan magana. Wani dattijo da aka nuna wa hoton bai shiga batun lokaci ba sam, ya dai ce ko jiya ko gobe, a fara nema wa bawan Allah wando.

Tela kuwa shafi ɗaya ya riƙe, bai sake shi ba. Cikin tsofaffin jaruman akwai Dollar Bill, wanda wani banki ya ɗauka aiki, aka sa shi dole ya yafa alkyabba don ya burge masu ajiya. Ranar da ɓarayi suka shigo, alkyabbar ta maƙale a ƙofa mai juyawa, suka harbe shi nan take. Tela ya aza littafin kan keken ɗinki, ya auna tsawon alkyabbar da ɗan yatsa tun daga wuya har dunduniya, ya girgiza kai. Ya ce alkyabba ta sarki ce a kan doki ranar hawan salla, inda akwai dogarai masu riƙe mata gefe. Wanda zai bi ɓarawo, 'yar shara ta ishe shi. A ganinsa kashi ɗayan da aka ba wannan jarumi ya yi kaɗan, tunda ba a tsaya a kan wanda ya yanka yadin ba.

Wanda ya tsaya wa littattafan tsohon malamin lakwal ne, wanda muke kira Mushe. Ɗan kabu-kabu ya ce masa, "Mushe, Comedian ɗin nan fa tun shafin farko aka jefo shi. Me zan yi da kashi 6 na mutumin da na san taga tana jiransa?"

Mushe ya ajiye kofi ya ce, "Yaro, akwai wanda bai san yadda aka ƙare a Tirmini a 1899 ba? Kowa ya san Faransawa sun ci Damagaram, kowa ya san ƙarshen Sarki Amadu Kuran Daga. Amma in maroƙi ya ɗauko zamanin Sarki Tanimu, da ganuwarsa da igwoyinsa, ka taɓa ganin wanda ya tashi don ya san ƙarshe?"

Gaskiya ya faɗa. Sanin ƙarshe ba ya kashe labari, in dai an sami wurin da mai labarin farko ya bari a buɗe. Shi ya sa Minutemen na Darwyn Cooke ya fi sauran samun shiga a wurinmu: jaruman shekarun 1940 ne, waɗanda a littafin asali ɗan leƙensu kawai aka yi, a tsohon hoto da tunanin tsoho. Gona ce da ba a taɓa sa mata garma ba, Cooke ya nome ta da kyau.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Gizo na kowa ne. Kakar kowa tana da ikon ta ce ga abin da ya yi kafin ya auri Ƙoƙi, ba mai kai ta ƙara. Su waɗannan jarumai kuwa da takarda a kansu. Yarjejeniyar da Moore da Gibbons suka sa wa hannu ta ce haƙƙin littafin zai dawo musu idan aka yi shekara guda ba a buga shi ba. Littafin ya karɓu, kamfanin bai taɓa daina bugawa ba. A yaren ƙauye, ka ba da aron jakinka a kan in ya huta shekara a maido maka, mai aro kuwa kullum da mangala a bayansa. Bayan shekara 25 kuma ka ji ya tara mutane a kasuwa yana ba su labarin yadda jakin yake tun yana shan nono. Moore ya fito fili ya ce bai yarda da aikin ba, Gibbons ya yi wa masu aikin fatan alheri. Mutum biyun da suka raba kofi a fadarmu, a nan suka rabu: ɗaya ya ce doka ta ba kamfani, ɗaya ya ce doka daban, amana daban. Ni ina bayan mai maganar amana, kuma abin yana ci mini rai duk lokacin da na ga kyan zanen Cooke.

Saboda haka wanda littattafan suka iso hannunsa, ya fara da Watchmen na asali, ya kai ƙarshe, ya kwana biyu, sannan ya ɗauki Minutemen. Na Comedian ya bar shi a jaka. Wanda kuma kundi na biyu yake wurinsa tun kafin azumi, don Allah ya kawo shi fada daren Juma'a, ɗalibin zai koma Damagaram ranar Lahadi.