Akuyar da Aka Sato Mana

Mutumin Dungas ba ya rasa bakin magana. Hausa ya sha a nono, Faransanci aka ɗura masa a lakwal, in ya tsallaka iyaka zuwa Maigatari kuma naira ta koya masa nata lissafin. Ingilishi ne kaɗai ya zama kayan ajiya, sai 'yan ƙalilan da suka kai kwaleji. Ni ina cikinsu. A Magarya na yi karatuna, tun kafin a yanke Dungas daga jikinta a mai da ita gunduma a 2011, kuma a duk zuriyarmu babu wanda ya taɓa gwada Ingilishina, shi ya sa ya yi suna.

Mushe, wato malaminmu na Ingilishi, mutum ne mai son hadda. Kullum da safe sai mu rera masa give, gave, given da buy, bought, bought da steal, stole, stolen, har masu tallar rake da ke bakin katanga suka iya amshi. Wata rana ya zo da darasin da ya shiga raina. Ya ce akwai aikatau masu ɗaukar kaya biyu a kai ɗaya, mutum da abu. Ya rubuta "I gave Musa the book" a allo, ya ce mu ajiye Faransanci a ƙofa, domin shi Bafaranshe abin yake fara ambata, sannan ya jawo mutumin da à. Ingilishi kuwa irin tafiyarmu yake yi: na ba Musa littafi, na aika wa Musa wasiƙa, na nuna wa Musa hanya. Mutum gaba, kaya baya. Ya ja mana kunne a kan explain da say da suggest, ya ce su ba su yarda da wannan jeri ba sai an sa musu to. Na riƙe duk wannan tamau. In ya faɗi wani abu bayan haka, to ya faɗe shi ne lokacin da hankalina ke wajen masu rake.

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe. Da Layya ta gabato, Kawu ya ce lokaci ya yi. Yana da balami biyu da ya yi wa kiwon gata da dusa da harawa, da wata jar akuya mai idon rashin kunya wadda matarsa ta gaji da ita. Ya ce in raka shi kasuwar Alhamis, ko za a buƙaci mai biro.

Wanda bai taɓa shiga karar Maigatari ba, ba zai gane yadda mutum ke ɓacewa yana tsaye ba. Ga raƙuma, ga shanu, ga tireloli ana loda musu dabbobi zuwa kudu, ƙura ta hana ka ganin wanda ke taka maka ƙafa. Wani dillali ya tare mu, ya daddanna gadon bayan ragunan, ya ɗaga musu leɓe ya duba haƙori. Aka yi ta albarka har Kawu ya sallama. Dillali ya ce mai sayen yana can wajen mota, kuɗi sai bayan azahar. Yaronsa ya ja raguna. Da ƙura ta lafa muka duba, babu akuya, sai guntun igiya a hannuna.

Azahar ta wuce, inuwa ta fara tsawo. Can Kawu ya hango dillalin a gindin mai tsire yana ci hankali kwance. Bai yi sallama ba ya cakumi wuyan rigarsa, riga ta ce ɓarr. Jama'a suka taru, aka tasa mu gaba zuwa wani ofishi da ke gefen kasuwa.

A garin da kowa ke jin Hausa, har bebe, sai muka tarar da mutum ɗaya da ba ya ji. Saurayi ne ɗan kudu, sabon zuwa, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Dattijon da ke yi masa tafinta ya tafi masallaci. Ya tura mana takarda, ya tambaya ko akwai mai iya rubutu. Wani yaro ɗan garin ya matso zai taimaka, na kawar da shi da gwiwar hannu. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce wa jama'a, "Ku ba ɗana wuri."

Na rubuta jimla biyu, kuma har gobe ina alfahari da su ta fuskar shuɗaɗɗen lokaci, don ban ce buyed ba, ban ce stealed ba:

"This man bought my uncle two rams. Then he stole us a goat."

Mutum gaba, kaya baya, yadda Mushe ya ce.

Jami'in ya karanta jimlar farko, ya dubi dillali da fara'a, ya jinjina masa kai. Ya dubi Kawu da yagaggen wuyan riga a hannu, ya tambaye ni ko haka ake godiya a garinmu. Ban gane ba, amma na ce "Yes, sir," don Mushe ya ce ladabi ne. Ya karanta ta biyu, fara'a ta gudu. Ya ce ina akuyar? Na ce ai abin da ya kawo mu ke nan. Ya ce, "Has he brought it to you?" Wannan kam na ji shi sarai, ko ya kawo mana ita. Na gyara tsayuwa na ce, "Not yet, sir. We are waiting."

Aka ce mu cire takalma. Mu uku aka jera a benci bayan kanta, dillali a matsayin ɓarawo, ni da Kawu a matsayin waɗanda suka ba da sautu.

Kawu ya sunkuyo ya ce, "Ɗana, me ka rubuta?"

Na ce, "Gaskiya tsantsa, Kawu."

Ya ce, "To ko za ka rage mata ƙarfi?"

Dattijon ya dawo da carbinsa, ya ɗauki takardar. Dariya ta ci ƙarfinsa har sai da ya nemi kujera. Da ya share hawaye ya ce, "Yaro, a Ingilishi wanda ka sa a gaba shi ne mai karɓa, hannunsa kayan ke faɗawa. Ka rubuta cewa wannan bawan Allah ya saya wa kawunka raguna biyu kyauta, sannan ya sato muku akuya. Sace mana daban, sato mana daban, ai kai ma ka sani. In an raba ka da abu ne, sai ka sa from: bought two rams from my uncle, stole a goat from us."

Na ce, "Baba, a yi adalci. Bahaushe cewa yake an sace mana akuya. Bafaranshe ya ce il nous a volé une chèvre, kuma babu jandarman da zai kama shi a kan haka. Harshe biyu sun yi ittifaƙi, ɗaya ya ware. Waye mai taurin kai?" Har yanzu a kan wannan nake. A watan Maris na 2025 sabon kundin Nijar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi kusa da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ina murna, amma ina tausaya wa duk ɗan Damagaram da za a sace wa babur ya ce zai kai ƙara a rubuce.

Sauran ya warware da sauri. Kuɗin ragunan suna aljihun dillali tun azahar, ya ce ya ga tsire ya yi kyau ne ya tsaya. Ya ƙirga wa Kawu, ya cire la'adarsa, ya kuma cire kuɗin ɗinkin riga. Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa ta shigo tana jan jar akuya da kunne. Babu wanda ya sace ta. Igiyarta ta tauna, ta bi ƙamshi har faranti, ta cinye wa tsohuwar kwaɗon zogale tas, ta ɗora da ƙuli-ƙuli. Tsohuwa ta ce ba za ta saki kunnen ba sai an biya ta har da kuɗin faranti, wai ya lotse. Kawu ya kwance bakin aljihu karo na biyu, bai ce uffan ba.

Jami'in ya miƙa mana takalmanmu yana murmushi, ya ce wa Kawu, "Baba, this goat cost you money."

Na daka tsalle da takalmi ɗaya a ƙafa. Cost you money! Ga mutum a gaba, ga kaya a baya, kuma Kawu bai karɓi ko sisi ba, fitarwa ya yi! Dattijon ya sosa gemu ya ce e, akwai 'yan tsiraru masu wannan hali, irin su cost da charge da fine da deny, su raba ka da abu suke yi. Na ce to tunda dokar tana da ƙofar baya, a dawo mini da takardata a sake karantawa a gaban jama'a, a kuma rubuta cewa stole ta shiga sahunsu daga yau.

Ban ji amsarsa ba, don Kawu ya riga ya damƙi ƙeyata ya yi waje da ni. A tasha ya biya wa kansa kujerar gaba kusa da direba. Ni aka ɗora ni a bayan mota kan buhunan masara, aka ɗaura mini igiyar akuya a wuyan hannu, kuma kafin mu kai Dungas ta cinye aljihun rigata har da biron.