Mu 'Yan Birik da Hannu Muke Shawara

Duk wanda ya zauna da mu a Briqueterie, Birik a bakinmu, ya san ba ma iya shawara hannu a aljihu. Da zarar magana ta kai ga ina za a sa wane, ina za a ajiye kaza, sai ka ga wani ya jawo kofin shayi ya dangwarar a tsakiyar tebur ya ce, "To, ga masallaci nan." Wani ya ɗauko ƙwayar sukari ya ce ga ƙofar gidan ango. Murfin kwalba ya zama rumfar baƙi, tsinken tsire ya zama lungun da mota ba ta shiga, ɓarin goro ya zama wurin girki. Kafin mai shayi ya sauke zagaye na biyu, rabin unguwa ya kwanta a kan teburinsa, kowa na miƙa hannu yana gyarawa.

Haka muke shirya ɗaurin aure, haka walimar sauka, haka aikin gayya in damina ta cika magudanar ruwa da jar laka. Zaman wurin ne ya koya mana. Tun zamanin Jamusawa da ake gasa bulo a wannan gefe na Yawunde mutane ke zuwa suna ƙaruwa: Hausawa, Fulani, Barebari, Bamun, ga 'yan'uwanmu na Nijar da Mali da Senegal. Gida ya jingina da gida, shagon atamfa ya jingina da na tela, hayaƙin tsire na bi ta kansu duka. Wanda zai tara jama'a a irin wannan matsi dole ya ga wurin da idonsa kafin ya kira masu kafa rumfa.

Abin da ya fi burge ni a teburin nan shi ne yadda yake fito da ilimin da baki ba ya fito da shi. A shirin wani aure da aka yi a layinmu, an gama magana kaf, kowa ya ce ya yi. Sai wani dattijo da bai ce uffan ba tun farko ya sa yatsa ya ture murfin kwalbar nan gefe kaɗan.

"Lafiya, Baba?" in ji wan ango.

"Nan ruwa ke bi in an yi sama, ɗana. Ka sa tabarmi a nan, ka sa su a rafi."

Wani yaro kuma, wanda da a ce da baki ake yi ba zai iya katse manya ba, ya nuna tsinken tsiren ya ce, "Kawu, in rumfa ta kai nan, ta ina 'yan moto za su wuce?" Aka dube shi, aka dubi tsinken, aka matsar da rumfa. Gani ya kori ji. Da an tsaya ga magana kawai, da ranar auren za a gano kuskuren, lokacin baƙi sun riga sun cire takalma.

Ba a majalisa kaɗai muke haka ba. Leƙa shagon masu aikin babbar riga ana saura kwanaki Sallah. Mai zane zai shimfiɗa shadda, ya danne gefe da almakashi, ya fara fitar da aska takwas ko tambari da bakin alƙalami, mai riga na tsaye a kansa yana cewa a ƙara faɗin nan, a sauko da wancan ƙasa da aljihu. Allura ba ta taɓa yadin sai ido huɗu sun yarda. Telolin mata ma haka suke fama in 8 ga Maris ta gabato, zanen ranar mata iri ɗaya ne a hannun kowa, amma kowace da ɗinkin da take so, sai an zana da alli an goge an sake. Je ka wurin watanda ka ga yadda ake kasa naman saniyar da aka yi karo-karo aka saya: tsoka, ƙashi, hanta, tumbi, kashi-kashi a kan leda, kowa na zagayawa yana dubawa, in wani kashi ya rame a ɗebo daga mai ƙiba a cika shi. Iyayenmu mata kuwa, ranar ganin lefe, ba a karanta musu lissafi a takarda. Buɗe akwatuna ake yi a baza kaya, a ga abin da ya cika da abin da ya rage.

To, kwanan baya wani ɗanmu da ke karatun injiniya a Polytechnique ta Melen ya zo mana da labarin cewa manyan kamfanonin duniya na zuba dukiya don su koya wa kwamfuta wannan ɗabi'a tamu. Ya ciro waya, ya auna kyamararta ga daɓen ƙofar shago, sai ga kujera ta bayyana a fuskar wayar, tsaye daram a kan simintinmu. Ya zagaya, kujerar ba ta motsa ba, muka ga bayanta da gefenta. Ya ce wannan ita ce fasahar ɗora hoto a kan zahiri. Kyamara na kama alamomi a ƙasa, tsagewar siminti ko kusurwar tabarma, na'urorin jin motsi da ke cikin wayar na lissafa inda hannu ya karkata, sai a riƙe hoton a wuri guda kamar an ajiye shi da gaske. Tun 2017 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya fitar da manhajar da mutum zai gwada kujera a falonsa kafin ya saya. Yaranmu ma da ke sa wa fuskarsu kwalliya ko rawani a Snapchat da TikTok, ita suke wasa da ita.

Ya ce mataki na gaba shi ne tabarau. Ka sa a ido, ɗakin da kake ciki ya zama allonka. Kowane tunani ka rubuta shi a 'yar takarda ta haske, ka rataye ta a iska, ka tsunkule ta da yatsu biyu ka kai kusa da 'yar'uwarta, ka ja zare tsakaninsu. Abokin shawararka na Duwala ko Kano, in ya sa nasa, takardun nan zai gani a gabansa, shi ma ya sa hannu.

Mai shayi ya ce, "Wato teburina ne, sai dai ba a wanke kofi."

Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa, kuma tarihin abin ya goyi bayansa. A 1968 Ivan Sutherland, malami a jami'ar Harvard ta Amurka, shi da ɗalibinsa Bob Sproull, suka haɗa na'urar da ake sawa a ido a ga zane tsaye cikin ɗaki, ƙarafanta a rataye daga rufi. A farkon shekarun 1990 kuma, a kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, ma'aikata na ɗaure wayoyin lantarkin jirgi a kan manyan allunan katako masu zane, kowane damin waya da allonsa. Injiniyoyi biyu, Tom Caudell da David Mizell, suka kawo shawarar a sa wa ma'aikaci tabarau da zai nuna masa hanyar kowace waya a kan allo fanko. Da mai zanen rigunanmu ya ji wannan sai ya gyara zama, don ya gane aikinsa: a fitar da hanya a kan abu kafin hannu ya bi ta.

Shi kansa baza tunani a gani da ido yana da malamansa. Jiro Kawakita, masanin al'adu ɗan Japan, ya dawo daga bincike a Nepal da tarin bayanan da suka fi ƙarfin kansa. Sai ya rubuta kowane bayani a kati guda, ya baza su, ya riƙa tara masu kama da juna har ma'ana ta fito. A shekarun 1960 ya tsara hanyar, har yau ana koyar da ita a kamfanoni. Da 'yan takardun nan masu manne na Post-it suka shiga kasuwa a 1980, bangon ofisoshi ya cika da su. Tabarau na yau waɗannan takardu ne ya ɗauke daga bango ya rataye a iska.

Daga nan majalisa ta rabu biyu. Telanmu shi ne kan gaba a masu so. Ya ce babu abin da ke cinye masa rai kamar mutum ya zaɓi aiki a hoto, a kwashe makonni ana ɗinki, ranar karɓa ya sa riga ya ce ba haka ya zata ba. Shadda mai tsada in an huda ta an huda ta. Da zai iya tsayar da mai riga gaban waya ya nuna masa aska takwas a ƙirjinsa, da zare fari ko ruwan ƙasa, kafin a yanka, da rigima da yawa ta mutu tun ba a haife ta ba.

Alhajin da ke sayar da atamfa kuwa kuɗi ya tambaya. Aka gaya masa Vision Pro na kamfanin Apple ya fito a Amurka a Fabrairun 2024 a kan dala 3,499, sama da sefa miliyan biyu ke nan, nauyinsa ya haura rabin kilo, batirinsa kamar awa biyu yake yi. Quest 3 na kamfanin Meta kuwa ya fito a 2023 a kan dala 499. Microsoft da ta fara fitar da HoloLens a 2016 ta daina ƙera na biyunsa a 2024. Alhaji ya ce a lissafa masa kekunan ɗinki nawa miliyan biyu za ta saya, sannan a gaya masa abin da za a yi da tabarau ranar da aka ɗauke wuta tun safe.

Amma maganar da ta fi zama mini ita ce ta dattijon nan mai ture murfin kwalba.

"Ɗana, in kowa ya rufe idonsa da wannan abu, ta ina zan gane wanda ya yarda da wanda kunya ta hana shi magana?"

"Ana ganin hoton mutum a ciki, Baba."

"Hoto ba ya sunkuyar da kai."

Nan ne gizo ke saƙa. Rabin shawararmu a fuska take. Muna kallon tebur, muna kallon juna. Sannan tebur ba shi da mai shi: attajiri da ɗan dako duk hannunsu na kaiwa. In na'ura guda ce a majalisa, wanda ya sa ta shi kaɗai ke gani, sauran sun koma masu sauraro, alhali shawara ɗaukar ɗaki ce, sai kowa ya kama.

Duk da haka, hanyarmu tana da giɓinta, kuma mun san shi. Mai shayi zai buƙaci kofunansa, tsumma ɗaya ya share shirin awa biyu, gobe a tashi ana musun inda aka ce a sa rumfa. Wanda aka zana a ƙasa kuwa, ruwan Yawunde mai damina biyu ba ya barinsa ya kwana. Ɗan'uwan da ke Libreville ko Jidda ko Faransa, wanda sau da yawa shi ya turo kaso mafi tsoka na kuɗin hidimar, sai dai a ba shi labari. Mafi girma, matan da girki da tarbar baƙi ke wuyansu ba sa zaune a teburin. Su suka san tukunya nawa za a ɗora da inda hayaƙi zai bi, amma sai an gama ake kai musu.

Mun ma fara toshe wannan giɓi da abin da ke hannunmu. Yanzu kafin a kwashe kofuna wani zai ɗauki hoton teburin, ya zana kibiya da yatsa a kai, ya tura zauren dangi na WhatsApp. Ba a jimawa sai ga muryar Hajiya: "Ku gaya wa yayanku wurin girkin nan ya yi kusa da rumfar maza, a mayar da shi bayan gida." A gyara, a sake turawa. Ga mu nan muna bin hanyar da masu tabarau ke bi, da wayar da kowa ke da ita.

Shi ya sa ni ina maraba da wannan fasaha, da sharaɗin ta shigo ta ƙofar da ta dace da mu. Ta zauna a waya, don waya ake miƙa wa na kusa ya gani. Ta yi aiki ko intanet ya yi rauni. Ta ji Hausa da Fulatanci da Faransanci, ta karɓi murya, don da yawa cikin masu ilimin unguwar nan ba ta rubutun boko suke bayani ba. Ta bar fuska a buɗe. Ta kuma ba na cikin gida da na ƙasar waje hannun da za su ture abu, ba idon kallo kaɗai ba.

Wannan aiki ba sai an jira Amurka ba. Kayan haɗa irin waɗannan manhajoji, ARCore na Google da ARKit na Apple, a buɗe suke ga mai son koyo, kuma muna da yara a Melen da Ngoa-Ekelle da kansu ke ja. Shawarata gare su, su fara da shagon tela. Su zauna da mai zane mako guda, su ga inda yake fara aska da inda yake ƙare ta, su ɗauki zanukan da izininsa, su yi manhajar da za ta ɗora su a jikin mai riga, sunan mai zanen na biye da aikinsa, rabonsa na isa gare shi. In ta yi kyau, masu sayenta na nan jere daga Birik har kasuwar Mokolo, kuma telolin Garwa da Marwa da Kano ba za su bari ta wuce su ba.