Zabuwar Ticha

A Tamale mota ba dole ba ce. Gari ne na babur da keke: mace da goyo a baya tana tuƙa babur ɗinta zuwa kasuwar Aboabo, dattijo da rawani yana taka keke zuwa masallaci, sauran jama'a kuwa yalo-yalo mai ƙafa uku ta ishe su. Shi ya sa da na sayi tsohuwar Corolla fara, wadda ta gama bautar Turawa kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema, sai na zama wani abu a layinmu na Moshi Zongo. Da kyar take shiga lungun, amma tana shiga. Tun da aka buɗe gadar sama a Maris 2022 nake ƙirƙiro dalilin hawanta, ko da inda za ni yana ƙasa.

Wata rana ɗaurin aure muka tafi wani ƙauye a bayan gari, muka tarar ana gyaran hanya. An jera ganguna, wani yaro da jar tuta yana nuna mini in sauka gefe in bi sahun masu babur cikin ƙura. Na dubi jar ƙurar nan, na dubi motar da na wanke tun asuba, na dubi titi baƙi wul yana sheƙi babu kowa a kai. Na ɗaga wa yaron hannu irin na manya, na ratsa tsakanin ganguna biyu.

Sai ƙara ta tashi daga ƙasa, tas-tas-tas. Surukina da ke gefe ya ce, "Malam, wannan ƙarar fa?" Na ce, "Baba, sabon titi haka yake gaisuwa."

Da muka dawo, yaran layi ne suka fara ba ni labari. Daga ƙofofi zuwa bayan mota duk ɗigo-ɗigon baƙi, tayoyi sun yi kauri da kwalta da tsakuwa, sitiyari yana rawa, salansa kuma tana tashin ƙauri. Kafin magariba mota ta samu suna: Zabuwar Ticha.

Ni fa kimiyya nake koyarwa. Kowace shekara sai na rubuta a allo cewa ruwa da mai ba sa haɗuwa, kuma kwalta ita ce ragowar ɗanyen mai bayan an tace fetur da kalanzir da gas. Da wannan ilimi a kaina na sa aka dafa ruwa, na zuba omo, na tuɓe riga na hau darza. Ɗigo ya zama layi, layi ya zama tabo.

A ƙofar gidanmu akwai benci, a kan bencin akwai dattawa biyu, Bamoshe da Badagombe, waɗanda wasan kaka da jika bai taɓa barin su yarda da juna ba. Bamoshen ya ce in samo soson ƙarfe. Badagomben ya ce kada in saurari jikan da bai san komai ba sai jaki, in sayi tina wajen masu fenti. Don kada ran wani ya ɓaci, na bi duka biyun. Soson uwargida na wanke tukunya ya bar zane a ƙofar gaba. Tina kuwa, gaskiya ta yi aiki: kwalta ta fita tas daga ƙofar baya. Ina cikin murmushi na juya tsumman, na ga ya yi fari. Fentin ne ya biyo ta. Dattawan nan suka dubi ƙofar, karo na farko a tarihin bencin bakinsu ya zo ɗaya: hannuna ne ya yi nauyi.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta lakuto man kaɗe da yatsa, ta shafa a wani ɗigo kan bonet, ta koma girkinta. Bayan ta sauke tuwo ta fito ta goge da tsohon ɗankwali, ɗigon ya tafi, fenti na nan lafiya. Na ce ta kawo robar gaba ɗaya. Ta ce, "Maigida, na shafawar yara ne, ba na zabi ba."

Washegari na kai Corollar wurin wankin mota da sassafe, ina sunkuyar da kai. Wani matashi ya zagaya ta, ya tura ta inuwa, ya ce sai jikinta ya huce. Ya fara watsa ruwa ya sauke ƙasa da tsakuwa, domin su ne masu karce fenti. Sannan ya jiƙa tsumma mai laushi da kalanzir ya ɗora kan tabo, ya tafi sayen koko da ƙosai. Wannan tafiyar ita ta fi ba ni haushi, ashe ita ce aikin. Da ya dawo kwalta ta saki, ya share ta da yatsa biyu, yana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta, nan take ya bi wurin da sabulu don kada kalanzir ya kwana a kan fenti. Ya ce ai masu titi ma da kalanzir suke tsinka kwaltar shafen farko, abin da ya tsinka ta can shi zai tsinka ta nan.

Ƙarfen taya ya bi shi da tsohon buroshin haƙori, ciki da waje, ya ciro dunƙulen da ya manne ta ciki yana sa sitiyari rawa. Robar taya bai bari kalanzir ya jiƙa ta ba, da tsinken itace ya dinga zaƙulo tsakuwa. Birki kuwa ya rufe shi da leda, ya ce in mai ya taɓa shi, sai dai in tsaya da addu'a. A kan rami ya kankare salansa, ya sa gas ya wanke inda kwalta ta taru, sauran siririn shafen da ke jikin ƙarfe ya ce in bar shi, maganin tsatsa ne kyauta.

Na tambaye shi ko na taɓa koyar da shi, ko na samu abin riƙewa. Ya ce a'a, shi makarantar allo ya yi.

Saura ƙofofi biyu. Mai fenti a Lamashegu ya shafa su da tafin hannu ya ce miliyan takwas. Sai da na dafa bango kafin na tuna cewa tun 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, amma bakin mutane bai yanke ba. Ɗari takwas yake nufi. Na biya. Farin da ya haɗa ya ɗan fi na sauran jikin haske, yanzu ƙofofin ne ake fara hangowa daga bakin layi. Uwargida kuma ta karɓi kuɗin sabon soso, ta ƙara da na ɗankwali.