Yadda Ake Karya Jari Cikin Sauƙi: Jagora ga Masu Sayar da Kaya ta Waya

Tun da wayar hannu ta zama rumfa, da wuya ka shiga unguwa a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ka rasa ɗan kasuwa a kowane zaure. Ɗalibar kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura tana tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, matashi yana baza hotunan waya da takalma a Facebook, Alhaji yana tura wake da albasa Kudu bai taɓa ganin fuskar mai saye ba. Masu koyar da yadda ake cin riba sun cika gari. Wanda yake son ganin bayan jarinsa kafin Sallah kuwa an bar shi yana ta lalube, babu mai nuna masa hanya. Wannan rubutu nasa ne. Duk wanda ya bi matakan nan sau da ƙafa, ba da jimawa ba zai huta da wahalar lissafi.

Na farko: ka yi imani da hoton alat

Da zarar mai saye ya turo hoton da ke nuna an tura kuɗi, ka yi hamdala ka ɗaure kaya. Kada ka wahalar da kanka da buɗe manhajar banki ko danna lambobin duba asusu. Gaskiya ne yaron da ya iya taɓa waya zai haɗa irin wannan hoto kafin shayinka ya huce, kuma saƙon tes ana iya ɗora masa sunan bankinka, ya shigo ya zauna cikin sahun saƙonnin gaskiya. To, ina ruwanka? Masu taurin kai ne ke cewa kuɗi ba su zo ba sai ka ga abin da ke asusunka ya ƙaru da idonka.

In ka duba ka ga wayam, za a ce maka, "Alhaji, sabis ne, zai shigo." Ka karɓi maganar hannu bibbiyu, don tana da tarihi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kwashe makonni ba kira ba saƙo. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, kowa ya koma tiransifa da POS, kuɗin mutane suka riƙa maƙalewa a hanya da gaske. Ɗan damfara ya ga wahalar da muka sha, ya mayar da ita uzurinsa na kullum. Kowace tiransifa tsakanin banki da banki tana da doguwar lambar shaida mai alƙaluma 30, da ita ake bin sawun kuɗi. Kada ka tambaye ta, sai a ce ba ka yarda da mutane.

Na biyu: ka kai saƙo tasha, ka juya ba waiwaye

Nan ake yin asarar da ta amsa sunanta. Ka naɗe kaya a leda, ka rubuta "Hajiya, Kano", ka miƙa wa duk wanda ka gani tsaye kusa da mota, ka haye babur. Kada ka tambayi sunan direba, kada ka karɓi lambar wayarsa, balle ka kalli lambar mota. Teburin 'yan ƙungiya, inda ake rubuta saƙo a littafi, ka kewaye shi don ka tsira da ɗan abin da za su karɓa. Bayan kwana biyu waya za ta yi ƙara: "Malam, shiru fa. Ban ga kaya ba. Ko a maido min da kuɗina, ko a sake turo wasu." A daidai lokacin tana gaban madubi tana gwada leshin, kai kuma ba ka da abin nunawa sai tsarkin zuciya.

Kakanninmu ba su san wannan dabara ba, shi ya sa suka bar gado. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, nan ne ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, kuma a wancan lokacin gyaɗa da auduga da fata ba sa hawa tarago sai an ɗora su a sikeli an rubuta takarda. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ba a kora saniya sai dillali ya tsaya shaida ya karɓi la'adarsa, don in rigima ta tashi shi za a nemo. Kai ɗan zamani ne mai kyamara a aljihu, saboda haka ka adana ta don ranar biki.

Ka nisanci halin wasu masu bin diddigi. Suna ɗaukar bidiyo tun daga ƙirga kaya har manne kwali, ba yankewa. Suna ɗaukar hoton saƙon a hannun direba, lambar mota tana gefe, su tura wa mai saye nan take tare da lambar wayar direban. In waya suka sayar, sai su danna *#06# su rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15, don kada a dawo musu da gawar wata a ce ita suka turo. Abin ma bai ishe su ba, har wata lamba ta sirri suke ba mai saye, su gaya wa direba kada ya saki kaya sai an faɗa masa ita, sannan ya kira su daga tashar can. Irin waɗannan, in an ce kaya bai iso ba, sai su haɗa kira da direba, shi kuma ya ce, "Awo, ni na ba ta hannu da hannu, har ta nemi in rage mata kuɗin dako." Sai ka ji ɗif, an kashe waya. Ina daɗin ciniki irin wannan, babu ko ɗan hawan jini?

Na uku: duk wanda ya zo, ɗan aike ne

In mai saye ya ce, "Ƙanena zai karɓa," kada ka nemi ya rubuto sunan ƙanen da lambarsa kafin mota ta tashi. Yaro zai zo ya karɓa. Da yamma yayan zai kira ya ce shi bai aiki kowa ba, hasali ma shi ne auta a gidansu.

Na huɗu: kada ka karanta sunan da ke jikin alat

Wannan mataki na manyan ɗalibai ne, don a nan kuɗin gaske suke shigowa, amma asarar ta fi ta baya. Ga yadda take tafiya. Ɗan damfara ya yi cinikin atamfarka, kun daidaita. Sai ya koma nasa shafin ya tallata keken ɗinkin da babu shi, a farashi mai rahusa, daidai da kuɗin atamfar. Wata baiwar Allah a Kaduna ta gani ta yi sha'awa, ya ba ta lambar asusunka. Kuɗi su shigo, ya ce maka, "Ta asusun matata na turo." Ka saki kaya. Ita kuma ta jira keke har ta gaji, ta kai ƙara banki da ofishin 'yan sanda, kuma lambar asusun da ke hannunta taka ce. A toshe asusun, a gayyace ka amsa tambayoyi, shi yana can ya sayar da atamfa.

Abin da zai ɓata wannan shiri ƙarami ne, don haka ka kiyaye shi: kada ka ce a haɗa ka da mai asusun ka tambaye shi kuɗin mene ne ya biya, kada kuma ka ce a rubuta sunan kayan a wurin bayanin tiransifa.

Na biyar: ka zama mai saurin maido da canji

"Yallabai, na yi kuskure, maimakon 50,000 na tura 150,000. Don Allah maido min ragowar a wannan ɗaya asusun, ina asibiti." Ka tausaya, ka tura da gudu. Ɗaya daga biyu ne: ko alat ɗin na bogi ne, ko kuɗin na sata ne aka bi da su ta hannunka. Masu wayo kan ce a bar banki ya mayar da kuɗi inda suka fito. Kai ba ka da lokacin layin banki.

Haka nan in aka kira ka da tattausar murya aka ce daga banki ne, ko daga kamfanin da kake talla a shafinsa, ka karanto duk abin da aka nema. Lambar BVN ɗin nan mai alƙaluma 11 da aka fara rabawa a 2014, lambar katinka, da 'yar lambar da ke shigowa ta tes, duk ka bayar. Ka haɗa da lambar nan mai alƙaluma 6 ta WhatsApp. Kafin la'asar wani ya zama kai, yana gaisawa da kwastomominka yana raba musu sabuwar lambar asusu.

Na shida: ka auna gaskiya da yawan rantsuwa

Wanda ya saka hoton Ka'aba a shafinsa, ya buɗe hira da doguwar sallama, ya rufe da wallahi tallahi, ai bai kamata a nemi rasit a wurinsa ba. In ka ce a rubuta, zai ce, "Haba ɗan'uwa, ni zan cuce ka?" Sai ka ji kunya ka yi shiru. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani tana cikin Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, amma ka ɗauka da wasu take. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, mu kuwa asarar muke nema.

Ke ma Hajiya mai turare ba a manta da ke ba. In aka ce, "Anti, turo in gani, in ya yi min in biya," ki tura ba ko kafin alƙalami. In an yi miki adalci, kaya za su dawo an buɗe kowace kwalba, kuɗin mota zuwa da dawowa kuma a kanki.

Na bakwai: ka goge hira, ka kai ƙara Facebook

Ka riƙa yin ciniki da baki ta kira, don kada a bar sawu. Abin da aka rubuta kuma ka goge, waya ta samu wurin finafinai. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura, saboda haka hirar nan tana iya cetonka, ka ga dalilin rabuwa da ita. In kana sayarwa a dandali irin Jumia, inda kuɗi ke bi ta hannun kamfani, ka yarda a ja ka gefe a ƙarasa a WhatsApp. In a Jiji ko Facebook kake, inda talla kawai ake yi, ka ɗauka akwai wanda zai biya ka in an cuce ka.

Ranar da aka yi maka, kada ka rubuta wa bankinka koke ka karɓi lambar ƙorafi, kada ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki in sun yi shiru. Ka manta da 'yan sanda, da kotu, da ofishin EFCC na shiyya da ke Sakkwato, da dokar laifukan intanet ta 2015. Ka ɗauko hoton da ke shafin mai damfarar, ka rubuta "ɓarauniya" ka watsa. Sau da yawa hoton na wata ce da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ka ga ka samu shari'ar ɓata suna a kan asarar kaya, riba biyu ke nan.

Raha gefe guda

A yankin nan ba kowane "ban ga kaya ba" ne ƙarya. Duk mai bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya san mota kan kwana a hanya, takan juyo, wani lokaci a tare ta, direbobi su rasa kaya har da rayuka. Mai sayarwar da ba shi da shaida ba zai iya bambance mai gaskiya da maƙaryaci ba, sai ya biya ɓarawo ko ya ci mutuncin kwastoman kirki, kuma duka biyun karya kasuwa suke.

Saboda haka tun kafin kuɗi su shigo a rubuta: kwana nawa za a jira, wa zai biya kuɗin mota, asara a kan wa take in hanya ta ci kaya. In direba da 'yan ƙungiya suka tabbatar saƙo ya salwanta, ka cika abin da ka rubuta ko da zafi, don mai saye ɗaya da aka yi wa adalci yakan jawo wasu. Kada ka bi baƙon mai saye bayan gari, kada ka tura yaronka. Miƙa kaya a tasha ko cikin kasuwa ake yi, da rana, a gaban jama'a. Wanda ya ji haushi don ka nemi a rubuta, ka bar shi ya tafi, kayanka na nan a hannunka.