Gidan Da Ba A Taɓa Kamawa Da Laifi Ba

A 2011 wani ɗan jaridar BBC ya ɓoye kyamara a jikinsa ya kama aiki a Winterbourne View, wani gida a Ingila inda ake ajiye manya masu jinkirin fahimta. Ya ɗauko ma'aikata suna marinsu, suna danne su da kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi. Aka rufe gidan, aka gurfanar da mutum 11, shida suka tafi kaso. Kai, Turawa ba su ji kunya ba! Mu nan Madarunfa, alhamdu lillahi, babu mai binciken da ya taɓa fitowa daga gidan kulawarmu da mummunan rahoto. Dabararmu ta fi tasu: mun raba aikin gida-gida. Kowace uwa ita ce shugabar cibiyarta, ita ce mai jinya, ita ce mai dafuwa, ita ce mai gadi, kuma ba a taɓa jin ta shiga yajin aiki ba.

Akwai irin wannan cibiya a bayan gidanmu, mai ɗaukar mutum ɗaya. Ya ba talatin baya, gemu ya fito, amma har yau sai an ɗaura masa mazagin wando. An ba shi ɗaki nasa na kansa, jikin turken awaki, don kada ya rasa abokan hira. Ƙofar langalanga ce, kwaɗonta daga waje, saboda tsaro. Ranar da tsohuwarsa za ta tafi tsinkar zogale a Jiratawa, takan ɗaure masa ƙafa a jikin turmi. Kada wani ya ce sarƙa, mu ba mugaye ba ne. Tsohon zane ne mai laushi, ta ninka shi biyu don kada ya ci masa fata. Ta aje masa kwanon fura inda hannunsa zai kai, tana fita tana share ido da bakin mayafi. Wace cibiyar Ingila ce shugabarta ke kuka kafin ta fita aiki?

Wajen nishaɗi kuwa yaran unguwa sun ɗauke wa gwamnati nauyi. Da ya leƙo waje za su bi shi da waƙa da tsakuwa, kyauta, har ya motsa jini da gudu. Aikin yi ma bai gagara ba. Doka ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, mu kuwa mun zarce doka: duk garwar ruwan da ta fi ƙarfin mai lafiya shi ake kira, a biya shi da "Allah ya yi albarka", kuɗin da ba ya faɗuwa a kasuwa. Ta mace ba a cewa komai. Idan ciki ya bayyana, nan take a gano mai laifi ba tare da an wahalar da jandarma ba: aljani ne.

Likitoci suna da tarin dalilai, wai zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wai sanƙarau, wai doguwar naƙuda, wai tamowa tun ana goye. Mu mun taƙaita musu: wawa ne, ko ɗan ruwa, ko mahaukaci, magani ɗaya, hayaƙi da rubutu. Ƙungiyar MSF ta yi shekara da shekaru tana ceto yara a wannan yanki, kuma tun 2006 magani kyauta ne ga yaron da bai kai shekara biyar ba. Tsari mai kyau ƙwarai. Ranar da ya cika biyar an yaye shi ke nan, sauran shekara hamsin ɗin ya ji da kansa.

Takardu kam, ma sha Allah. Akwai dokar 1993, ga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Nijar ta amince da ita a 2008, ga sabuwar doka a 2019, duka cikin Faransanci mai tsabta. An adana su a Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan, inda ƙurarmu ba za ta ɓata su ba. Wanda kuma nasa ya gagare shi, da ya ƙetara Ɗan Isa ya shiga ƙasar gidajen mari. A 2019 ƴan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, sai na Daura da na Katsina suka biyo baya. Ɗan tsautsayi ne kawai.

Ba ma raina masu jinkirin fahimta. "Bawan Allah ne, ɗan aljanna ne," in ji kowa. Garin da waliyyai 99 ke kwance kewaye da tafkinsa ai ya san darajar mutanen Allah, musamman in an riga an rufe su da ƙasa.

Tsohuwar ce dai ke neman ɓata mana tsari da tambaya. Rannan ta tara ƴaƴanta maza ta ce, "In na mutu, wa zai ɗauke shi?" Babban ya ce, "Haba Inna, Allah na nan." Ƙaramin bai ce komai ba. Yana ta auna ɗakin da ido, don aurensa bayan kaka ne.