Barde a Ɗakin Ɗibar Jini

Idan kana so ka san cututtukan da ke ɓoye a danginku, ba sai ka kai kowa gwaji ba. Jira ranar da likita zai leƙo ya ce a nemo jini. Ranar za ka ji mai olsa, ka ji mai hawan jini, ka ji wanda jiya-jiyan nan ya tashi daga zazzaɓi. Ƙaton da ya share malmala uku a gabanka zai dafe ƙirji ya ce shi ma ƙarfin hali kawai yake yi.

Haka aka yi mana a hunturun da ya wuce. Ɗan ƙanwata sikila ne, sanyi kuwa ba ya raga wa masu sikila. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa su sai ka ga ido ya yi fari fat. Aka auna yaron, aka ce jininsa ya yi ƙasa, leda biyu ake so.

Maza muka cika barandar asibitin. Kafin ka ce kwabo, mai olsa ya bayyana, wani ya tuna azumin nafila yake yi, wani kuma ya kara waya a kunne ya nufi bakin ƙofa, har yau bai gama wayar ba. Ni kuwa, da yake bakina ba ya gajiya, na miƙe na yi musu wankin babban bargo. Na ce jinin babban mutum ya kai lita biyar, abin da ake ɗiba bai cika rabin lita ba, mililita 450 ne kacal, jiki kuma yana mayar da abinsa. Na ce mata nawa ke rasuwa wajen haihuwa saboda zubar jini, yara nawa damina ke kwantarwa, ku kuna nan kuna ɓoye jini sai ka ce za a binne ku da riba. Na naɗe hannun riga na ce a ɗebi leda biyun duka a jikina.

Ƙanwata har da ƙwalla. "Allah ya bar zumunci, Yaya."

A ɗakin gwaji aka ɗora ni a sikeli. Kilo 50 ake nema, ni kuwa tumbina kaɗai ya kusa biyan wannan. Ma'aikacin, wani matashi mai sanyin murya, ya ce leda ɗaya ake ɗiba ga mutum ɗaya, ko shi wane ne. Na nuna ɓacin rai, a zuci kuwa hamdala nake. Ya ce za a duba ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Na ce a duba har da na kakanni.

"Alhaji, ka ci abinci?"

Na ce ƙwarai. Alhali tun safe ko koko ban sha ba, don na ji an ce gwajin jini da yunwa ake zuwa. Ashe wancan na masu ciwon suga ne. Mai ba da jini so ake ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa sosai.

Ya tsira mini ɗan tsinke a yatsa, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Ya dube ni, ya ce, "Ba a fara ba fa, Alhaji."

Da aka kwantar da ni ya ɓare allurar, sai na ga basilla ce sak, irin wadda ake ɗinke buhun masara da ita. Ya ɗaure mini dantse, ya ba ni ɗan ƙwallo ya ce in riƙa matsawa. Shigarta ba ta yi zafin da na zata ba, har na fara shirya labarin da zan bayar a majalisa. Sai shaiɗan ya ce mini leƙa. Na leƙa. Ga leda tana kumbura, ga jinina baƙi-baƙi yana bin siririn tiyo yana barina ba ko sallama. Fankar sama ta koma biyu. Kunnuwana suka toshe. Abin da aka ce na faɗa kafin in tafi shi ne kalmar shahada, sai wasiyya cewa mai shayin bakin layinmu yana bina kuɗin ƙwai.

Na farfaɗo ƙafafuna a sama, an jingina su da bango, wata nas tana yi mini fifita da fayil, hulata a ƙarƙashin gado. Ledar dai ta cika, wannan ba mai ƙwace mini. Mai olsa yana tsaye a kaina riƙe da Maltina da gwangwanin madara, abin da duk muka yarda shi ke mayar da jini, ko da yake ma'aikacin ya ce ruwa da nama da wake da ganye su ne masu aikin. Kafin in dawo daidai ya sha rabi, wai tsoro ne ya tayar masa da olsar.

Sauran wulaƙancin yana gaba. Sakamako ya nuna ni AS ne, kamar ƙanwata. Mai AS yana ba da jini, amma ga mai sikila an fi son na AA. Saboda haka aka ɗauko wa yaron wani daga firji, nawa aka ajiye a madadinsa, ya jira mai naƙuda ko wanda mota ta kaɗe. Haka tsarin yake a yawancin asibitocinmu: ka kawo, a ba ka. Ni da na shekara arba'in da ɗoriya ban san rukunin jinina ba, ga ni ina yi wa mutane lacca. Gara na yanzu, tunda Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, don AS da AS in suka haɗu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila.

Na lallaɓa ɗakin yara ina dafa bango. Yaron yana kwance, jini na ɗiga a hannunsa, bayan hannun duk tabon allura. Bai kai shekara goma ba.

"Kawu, wai suma ka yi?"

Na ce hutawa na yi.

"Ba a kallon ledar, Kawu. Silin ake kallo, ana ƙirga layukan."

Labari ya riga ni isa unguwa. Mai shayi ya aiko a gaishe ni, ya ce ya ji wasiyya, kuma tunda Allah ya yi da sauran kwana, yana jira. A majalisa aka naɗa ni Barde, sunan ya bi ni har masallaci.

Ma'aikacin nan ya karɓi lambata. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku, kuma bai yi lattin kwana ɗaya ba. "Barde, firjinmu ya yi ƙasa." Na ce masa ina tafe, in na gama da ƙosai da koko, amma a ba ni gadon da ke ƙarƙashin sili mai layuka, kuma kada a bar mai olsa ya riƙe Maltina.